Hitar ruwa ta gas a shago ko masallaci: shawara ga sabon zuwa Birtaniya

Duk wanda ya kama hayar shago a Landan ko Manchesta, gidan abinci ne, wurin aski ko wurin wanki, zai tarar da wata hita a lungu, galibi cikin ƙaramin ɗaki a baya. Haka ma kwamitin masallaci, don ba a alwala da ruwan Janairu a nan. Hitar kan yi shekaru tana aiki ba wanda ya waiwaye ta, har ranar da za ta tsaya ana tsakiyar ciniki. A ranar ne wani zai ce maka ya san wani ɗan'uwa mai gyaran famfo, hannunsa na da kyau, kuma ba ya tsawwalawa.

Kada ka kira shi, sai in yana da katin Gas Safe. Dokar gas ta 1998 ta hana kowa yin sana'ar haɗa ko gyara kayan gas in ba shi da rajista, kuma tun 2009 Gas Safe ce ke riƙe da rajistar, bayan wadda ta gabace ta, CORGI. Katin na ɗauke da hoto da lamba da ranar ƙarewa. Sai ka juya bayansa, domin nan aka jera irin aikin da aka yarje wa mutum. Wanda ya ƙware a hitar gida ba lallai yana da izinin taɓa ta kasuwanci ba, musamman wadda ƙarfinta ya wuce kilowat 70. Neman ganin kati ba raini ba ne, su kansu sun saba.

Kafin ka sa hannu a yarjejeniyar haya, ka tambaya a rubuce: wa ke da alhakin hitar, kai ko mai ginin? A hayar shago sau da yawa nauyin kan ɗan haya yake faɗawa.

Gas ɗin ma ba irin namu ba ne. Wanda muke cikawa a tulu a gida ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa. Wanda ke zuwa ta bututu a nan ya fi iska sauƙi, sama yake yi, kuma kan wutar kowanne daban ne. Don haka hitar da aka samo da araha a hannun wani, ba a jona ta sai injiniya ya duba wane gas aka ƙera ta dominsa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne iska. Za ka ga wata 'yar taga mai raga a bango ko a ƙasan ƙofar ɗakin hitar, sanyi na kwararowa ta cikinta. Mutuminmu da hunturun farko ya gigita sai ya samo kwali da salatif ya liƙe ta, ko ya jera buhunan shinkafa da jarkokin mai a gabanta. Ta nan wutar ke shaƙar iska. In ta rasa, gas ba ya ƙonewa sosai, sai ya fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma mu da muka saba ɗora kowane ciwon kai a kan zazzaɓi ko gajiya, nan take za mu nemi farasitamol. Lura da wannan: in ma'aikata biyu ko uku suna kukan kai a shago, amma da sun fita waje sai su warware, a kashe hitar. Harshen wuta mai lafiya shuɗi ne tsaye. In ya koma rawaya yana lilo, ko ka ga baƙin hayaƙi ya shafi jikin hitar, akwai matsala. Na'urar ƙararrawa ta kabon monoksaid ba ta kai kuɗin cin abincin mutum biyu a waje ba. A sayi mai lambar EN 50291.

Sai zafin ruwa. Kuɗin gas na da ciwo, shi ya sa wasu ke rage zafin tanki. Ƙwayar lajiyonela, mai haddasa mugun ciwon huhu, tana hayayyafa tsakanin digiri 20 da 45. Hukumar lafiyar wurin aiki, HSE, ta ce a ajiye ruwan tanki a digiri 60, ya isa famfo da aƙalla 50 cikin minti ɗaya. Wannan zafi na ƙona fatar yaro da tsoho, don haka a wurin alwala a sa bawul mai gauraya ruwa kusa da famfo, tankin kuma a bar shi da zafinsa. Famfunan da sai ranar Juma'a ake buɗewa, da shawar da ba a cika amfani da ita ba, a riƙa sakin ruwansu kowane mako.

Ruwan Landan kuma yana tara farin ɓawo, irin wanda kake gani a gindin butar shayi. Haka yake taruwa cikin hita, ta riƙa ƙara tana shan gas. Idan injiniya ya zo duba na shekara, ka ce ya wanke shi, ya gwada bawul ɗin da ke sakin ruwa in zafi ko matsi ya yi yawa. In ka ga bututun wannan bawul yana ɗiga, kada a toshe shi, a kira mai gyara. Takardar da zai ba ka ka adana ta, kamfanin inshora zai nema ranar da wani abu ya faru.

In ka ji warin gas, kada ka taɓa makunnin lantarki, kada a kunna ashana. Buɗe ƙofofi da tagogi, rufe gas daga wurin mita, fitar da kowa, sannan daga waje ka kira 0800 111 999. Kyauta ne, dare da rana, a Ingila da Sikotilan da Wales. Rubuta lambar a jikin ƙofar ɗakin hitar, ka kuma nuna wa kowane ma'aikaci inda hannun mitar yake tun ranar da ya fara aiki.