Yadda Ake Tafakkuri da Kallon Sama a Cikin Dare

Tafakkuri, wato zurfafa tunani a kan halittar Allah, ibada ce da ake koyo kamar yadda ake koyon alwala, kuma sararin samaniya shi ne allon da ya fi sauƙin farawa da shi. Abdullahi ɗan Abbas ya ruwaito cewa ya kwana a ɗakin Maimuna, 'yar'uwar mahaifiyarsa kuma matar Annabi, sai ya ga Annabi (SAW) ya tashi cikin dare, ya dubi sama, ya karanta ayoyin ƙarshen Suratu Ali Imrana, daga aya ta 190. Duban ya riga karatun, kuma wannan jerin ne ya kamata a bi.

Fara da zaɓen dare. Farin wata yana shafe ƙananan taurari, don haka ka nemi dararen duhu, daga 27 ga watan Musulunci zuwa 3 ga mai kamawa. A ƙasar Hausa lokacin kaka ya fi, wato Oktoba da Nuwamba: ruwa ya wanke ƙura, gajimare ya janye, hazon hunturu bai sauka ba. Da hazo ya kankama, rabin abin da ke sama ya ɓace maka.

Sai sa'a. Sulusin dare na ƙarshe ya fi falala kuma ya fi shiru, an kashe janareto, gari ya kwanta. Lissafinsa: ƙirga daga magariba zuwa alfijir ka raba uku. In magariba 6:00 ce, alfijir 5:00, dare awa 11 ke nan, sulusinsa awa 3 da minti 40, na ƙarshen zai fara 1:20.

Wuri kuwa, tsakar gida ko saman soro ya isa. Kada ka fita daji da sunan neman duhu. Akwai maciji da kunama, ga kuma halin da tsaro yake ciki. Ka yi alwala, ka shimfiɗa tabarma, ka sa riga mai dogon hannu saboda sauro, ka kashe fitila, ka bar waya a ɗaki. Maganar waya ba ƙaramar magana ba ce. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma leƙa fuskar waya sau ɗaya yana mayar da kai baya. Yawancin masu cewa ba su ga komai ba, nan suka yi asara.

Ka jingina ko ka kishingiɗa don kada wuya ya ƙage. Minti goma na farko kada ka karanta komai, ka duba kawai. Sannan ka tsayar da ido kan abu guda. A Nuwamba, Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, tana kusa da tsakar ka da tsakar dare. Ƙirga su: lafiyayyen ido kan ga shida ko bakwai. In sun yi dishi-dishi, ka ɗan kawar da ganinka gefe, don gefen ido ya fi kama haske mai rauni.

Yanzu ka shigo da sani, domin shi ke buɗe ƙofar mamaki. Hasken rana yana iso mu cikin minti 8 da ɗoriya. Hasken waɗancan 'yan taurari kuwa ya yi tafiyar kimanin shekara 440 kafin ya faɗa idonka. Ya baro can tun kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754 da fiye da shekara 150, ya yi ta tafiya ana haihuwa ana mutuwa, sai a daren nan ya same ka kan tabarmarka. Ka zauna da wannan tunani, kada ka yi gaggawar wucewa zuwa wani. In zuciya ta motsa, sai ka karanta ayoyin a hankali, ka maimaita "Rabbana ma khalaƙta haza baɗilan", kana sane da ma'anarta: Ubangijinmu, ba Ka halicci wannan a banza ba. Ka rufe da raka'a biyu. Minti 40 ya wadatar gaba ɗaya.

Akwai inda ake tuntuɓe. Hankali zai gudu kasuwa da bashi. Kada ka yi kokawa da shi, ka koma ƙirgar taurarin. Gyangyaɗi yakan zo ne daga cika ciki da tuwon dare ko rashin ƙailula. Wasu kuma sukan zo da tsammanin hawaye, in bai zubo ba su ce sun gaza, alhali sau da yawa abin da ake samu natsuwa ce kawai, wadda sai washegari ake ganinta a sallar asuba.

Biyu sun fi haɗari. Na farko, zamewa daga tunanin halitta zuwa tunanin yadda zatin Mahalicci yake. Malamai sun yi gargaɗi a kai domin ƙofar waswasi ce, in ta taso ka nemi tsari ka tashi. Na biyu, neman labarin arziki ko aure daga taurari, wanda duba ne, addini ya hana. Wanda kuma girman sama ya jefa shi cikin firgici ko ƙuncin zuciya maimakon natsuwa, ya rage zaman zuwa minti 10, ya nemi ɗan'uwa su zauna tare.