Yadda na gano abin da ke sa dokin tari

Dokin ya daɗe yana tari, musamman da an fara sukuwa, ƙarfinsa kuma ya ragu. Babu zazzaɓi, yana cin abincinsa. An riga an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, tarin bai tafi ba. Na saurari ƙirjinsa ban ji wata alamar ciwo ba, kuma haka ake yawan samu idan ciwon bai tsananta ba.

Sai na wanko huhun don in duba ƙwayoyin da ke cikin ruwan wankin. Na yi masa allurar kwantar da jiki, na zura dogon bututu mai laushi ta hanci har ya cije a ƙaramar hanyar iska, na tura ruwan gishiri mai tsabta mililita 250, na zuƙo shi. Ya dawo da kumfa a kai, alamar ya kai can ƙasa inda ake so. Wankin maƙogwaro ya fi amfani idan ana zargin ƙwayoyin cuta, amma a irin wannan tarin na fi yarda da ruwan huhu.

A lafiyayyen doki, fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutirofil ba sa wuce kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyin da ke cikin ruwan nan. A asma mai tsanani sukan haura 25. Nasa sun faɗo tsakani. Babu alamar tsohon jini, don haka ba zubar jinin da gudu mai tsanani ke jawowa a cikin huhu ba ce. Asma ce, ƙura ke tayar da ita.

Na sa a riƙa jiƙa busasshiyar ciyawa kafin a ba shi, a fitar da shi waje lokacin shara, a sauya shimfiɗar da ke ƙura. Na haɗa da maganin dezametason na ɗan lokaci don kumburin hanyoyin iska ya sauka. Tarin ya lafa, amma na gargaɗi mai shi cewa in ƙurar ta dawo, tarin ma zai dawo.