Kafin ka sayi batir, lissafa wutar da LED mai ƙyaftawa ke sha

Salamu alaikum 'yan'uwa masu aikin lantarki. Wani ƙanena a Agege ya haɗa fitilar allon shago mai ƙyaftawa, ya tashi zai je kasuwar Alaba ya sayo ƙaton batir, na ce tsaya mu yi lissafi tukuna.

Bolt sau amfiya shi ne wat. LED ɗinsa, wato ƙwan fitilar, bolt 3.2 ce, tana jan amfiya 0.35, wat 1.12 ke nan idan tana kunne. To amma a kowane sakan ɗaya, kashi ɗaya cikin goma kawai take haske. Sai ka raba da 10: wat 0.112. Daren awa 10 kuwa, sai ka ninka wat da awa: wat-awa 1.12.

Ga inda aka fi tuntuɓe. Idan daga batir mai bolt 12 ka ja wutar ta cikin rasisto, wato abin da ke rage wutar da ke shiga LED, da 12 za ka yi lissafi, domin ragowar wutar zafi take zama. Taɓa rasiston ka ji ɗumi. 12 sau 0.35 sau 0.1 (kashi ɗaya cikin goman nan), wat 0.42, wato wat-awa 4.2 a dare. Kusan ninki huɗu!

Kada ku dogara da mitar awon wuta yayin da fitilar ke ƙyaftawa, lambobinta tsalle suke yi idan ƙyaftawar a hankali ce. Ku bar fitilar a kunne ba ƙyaftawa ku auna, sannan ku raba gwargwadon lokacin da take haske.