Yadda ake zaɓe a Zanzibar, inda mutum ɗaya ke jefa ƙuri'a biyar

Mu a Nima ko Mamobi da ke Accra, Ghana, ranar 7 ga Disamba takarda biyu ake miƙo mana: ta shugaban ƙasa da ta ɗan majalisa. A Zanzibar abin ya fi haka yawa, domin tun da tsibiran suka haɗe da Tanganyika a 1964 aka samu Tanzaniya, sun riƙe shugabansu da majalisarsu. Ga yadda ake bi.

Da farko sai rajista, kuma a nan ne rigimar take. Cika shekara 18 bai isa ba. Dole ka riƙe katin zama ɗan Zanzibar, sannan ka yi wata 36 kana zaune a mazaɓar. Mai tabbatar da zamanka shi ne sheha, kamar mai unguwa a wurinmu, sai dai shi gwamnati ce ke naɗa shi. 'Yan adawa, musamman na tsibirin Pemba, sun daɗe suna kukan cewa a hannun shehohin nan ake tankaɗe magoya bayansu tun ba a buga takardar ƙuri'a ba. A ganina, wanda ke son ya gane zaɓen Zanzibar ya sa ido a wannan mataki fiye da ranar layi.

Na biyu, tsayawa takara. Sai da jam'iyya. Babu ɗan takara mai zaman kansa.

Ranar zaɓe kuwa takarda biyar za ka dangwala wa. Uku na gida ne, a hannun hukumar zaɓen Zanzibar, ZEC: shugaban Zanzibar, ɗan Majalisar Wakilai da kansila. Biyun da suka rage, shugaban Tanzaniya da ɗan majalisar tarayya, hukumar zaɓe ta ƙasa ce ke da su.

Bayan ƙirge sai a cike majalisa. Mazaɓu 50 ne, a ƙara kujerun mata da ake raba wa jam'iyyu gwargwadon ƙarfinsu, shugaba kuma ya naɗa mutum har goma. Wa'adin kowa shekara biyar, shugaba ba ya wuce zango biyu.

Sai rabon mulki. Tun ƙuri'ar raba gardama ta 2010, jam'iyyar da ta zo ta biyu a zaɓen shugaban Zanzibar, in ta samu kashi goma cikin ɗari na ƙuri'un, ita ke kawo mataimakin shugaba na ɗaya. Ta haka jagoran adawa Maalim Seif Sharif Hamad ya hau kujerar a 2010, ya kuma koma a 2020 ƙarƙashin shugaba Hussein Ali Mwinyi. Sunan ya fi ikon girma: mataimaki na biyu, ɗan jam'iyyar shugaba, shi ke jan ragamar harkokin gwamnati a majalisa.

Tsarin bai hana tangarɗa ba. A 2015 shugaban ZEC, Jecha Salim Jecha, ya soke zaɓen gida ana tsakar tattara sakamako, alhali ƙuri'un tarayya da aka jefa a rumfunan nan guda an amince da su. Aka sake a Maris 2016, jam'iyyar adawa ta CUF ta ƙaurace.