Tafasa ruwa ba ya cire gubar dalma

Jama'a, duk wanda ke zaune kusa da kogin da masana'antu ke zubar da dagwalonsu, ya kula. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, amma ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam da kuromiyam suna nan daram. In ruwan ya ƙone ma, gubar ƙara yawa take yi a abin da ya rage. Kuma kada garau ɗin ruwa ya ruɗe ku, ido ba ya ganinsu.

Ku kai ruwan rijiyarku ɗakin gwaji, ku ce takamaimai ƙarafa masu guba za a duba, don ba kowane gwaji ke haɗawa da su ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada dalma ta wuce maikirogiram 10 a litar ruwan sha. Yara da masu juna biyu su ne abin ji, saboda dalma ƙwaƙwalwa take taɓawa, ɓarnar kuma ba ta gyaruwa.

Kifin irin wannan kogi ma a haƙura da shi, musamman manya masu cin ƙanana. Ta kifi zaiba, wani ƙarfe mai guba, ta shiga jikin mutanen Minamata a Japan, inda aka gano cutar da ta jawo a 1956.