Cin ruwa a ƙafa: kurakuran da ke sa ya ƙi warkewa

Da damina ta kankama a Gombe, wajen Yuli zuwa Agusta, kemis-kemis za ka ji ana ta neman maganin cin ruwa. Tsakanin yatsu ya yi fari fat ya jiƙe, fata tana saɓulewa, ga ƙaiƙayi mai daɗin sosawa, in ka sosa kuma ya dawo raɗaɗi. Yawanci daga tsakanin ɗan ƙaramin yatsa da na kusa da shi yake farawa saboda nan ne iska ba ta shiga. Abin da ke kawo shi ƙwayar fungas ce, dangin wadda ke kawo makero a kan yara, kuma ba abin da take so irin danshi da ɗumi. Ciwo ne mai sauƙin magani wallahi, mu ne dai muke wahalar da kanmu.

Babban kuskuren da ya fi kowanne shine barin ruwa tsakanin yatsu. Mu da muke alwala sau 5 a rana, ka tsettsefe yatsu yadda ya kamata, kana tashi daga kan buta sai ka zura safa da rufaffen takalmi don an kusa tada sallah ko za ka koma ofis, toh ruwan nan yana nan har la'asar, kafin ya bushe ka ƙara masa wani. Ba alwalar ce matsalar ba, rashin gogewa ne. Goge ruwan alwala ba ya ɓata ta, ka tambayi malaminku. Ka ajiye ɗan hankici ko tishu na ƙafa kaɗai, ka buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya ka tsane su, ko ka zauna da silifas na 'yan mintoci iska ta sha wurin. Masu wankin mota, masu ga-ruwa, mata masu wanki da wanke-wanke a tsaye cikin ruwan omo, da manoman shinkafa na Dadin Kowa da ke wuni cikin takalmin roba, su nasu ya fi tsanani don gumi ma kaɗai ya isa.

Sai kuma maganar man shafawa, nan ne nake son a tsaya sosai. Mutum zai shiga kemis ya ce a ba shi maganin ƙaiƙayi, sai a miƙo masa man nan mai haɗi uku da ake cewa yana maganin komai. Dan Allah juya kwalin ka karanta. In ka ga betamethasone ko clobetasol a jiki, akwai sitiroyid a ciki kenan. Shi aikinsa ya kwantar da ƙaiƙayi da ja, kwana biyu za ka ce ai ka warke, alhali ya rage wa fatar ƙarfin kare kanta ne, fungas ɗin yana ta yaɗuwa a ɓoye, ranar da ka daina shafawa sai ya dawo ya fi da faɗi, in aka daɗe ana shafawa ma fatar sirancewa take yi. Abin da za ka nema shine man da maganin fungas ne zalla a cikinsa: clotrimazole ko miconazole ko terbinafine. Akwai kuma tsohon man nan Whitfield mai araha, yana aiki, sai dai yana zafi in fatar ta tsage.

Ko an samu maganin kirki, sai a daina da wuri. Clotrimazole safe da dare ake shafa shi har kusan sati 4, ba kwana uku ba. Terbinafine ya fi sauri, sati 1 zuwa 2 in tsakanin yatsu ne kawai. Ƙaiƙayi ya tsaya ba yana nufin ƙwayar ta mutu ba, kamar ciyawa ce da aka sare kanta aka bar saiwa. Ka wanke ƙafa, ka busar, ka shafa siriri har ka ɗan zarce inda ciwon ya tsaya, sannan ka wanke hannunka da sabulu. Ka duba ɗaya ƙafar ma, sau da yawa ita ma ta kamu ba ta dai fara magana ba.

Ampiclox da su jan kafso ba su da aiki a nan, na bakteriya ne, asarar kuɗi kawai.

Su kananzir da baƙin mai da ruwan batir da Hypo kuwa, haba jama'a. Zafin da kake ji ba alamar magani na ci ba ne, fatarka ce ke ƙonewa, kuma ƙofa kake buɗe wa wani ciwon. Basilin da man kaɗanya suna da kyau ga faso da kaushin dunduniya lokacin hunturu, amma in ka cusa su tsakanin yatsu danshin kake rufewa a ciki. Lalle da iyayenmu mata ke ƙunsawa ba zan zage shi ba, yana busar da wurin, sai dai kar a dogara da shi a bar magani.

Wani abin da ake mantawa shine takalmi da safa, ka yi magani ka warke ka koma cikin kambas ɗin da bai taɓa ganin rana ba. In kana da biyu ka dinga musanyawa, ɗaya yau ɗaya gobe, ka ciro shimfiɗar ciki ka shanya, rana dai ba mu rasa ta ba a garin nan. Safa a canza kullum, ta auduga ta fi ta leda, a wanke da ruwan zafi sosai. Silifas ɗin banɗaki da kowa ke zurawa a masallaci ko a hostel, da tawul ɗaya na gida duka, ta nan ake rabawa juna. Iyaye masu yara a makarantar kwana ku saya wa kowa nasa ku rubuta suna. Kuma mai cin ruwa ya fara sa safa kafin gajeren wando, don ta haka ƙwayar ke hawa matsematsi, daga nan a fara susar da ba a iya yi a gaban mutane.

Akwai inda kemis ba zai isar ba. In farce ya yi kauri ya koma ruwan ɗorawa yana marmashewa, ko tafin ƙafar gaba ɗaya ya yi fari yana garin fata, man shafawa kaɗai da wuya ya iya, sai ƙwayoyin sha, na farce ma kusan wata 3 ake sha, kuma likita ne zai rubuta saboda suna iya taɓa hanta. In ka yi sati biyu kana shafawa daidai ba wani canji, ƙila ba fungas ba ne, ƙafa mai wari da ƙananan ramuka a tafinta misali bakteriya ne, maganinsa daban. In kuwa ƙafar ta kumbura ta yi ja da zafi, ko ruwa na fita, ko zazzaɓi ya shigo, ranar za ka tafi asibiti ba gobe ba. Mai ciwon suga shi kam kar ma ya tsaya gwaji a gida, ƙaramar tsaga tsakanin yatsu kan iya zama gyambon da ke kai mutum ga rasa yatsa, kuma da yawansu ba sa jin zafin wurin balle su farga. Ya je asibitin unguwarsu ko asibitin Specialist na jiha ko FTH, wato asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe, a duba masa, kullum da dare kuma a haska tocila a leƙa tsakanin yatsun, in ba ya iya sunkuyawa wani a gida ya duba masa.