Yadda Ake Samun Ƙwai Da Ƙyanƙyasar Jatan Lande Na Ruwan Daɗi A Tanki

Babban jatan lande na kogunan kudu maso gabashin Asiya, wanda masana ke kira Macrobrachium rosenbergii, yana girma ya yi barbara a ruwan daɗi, amma 'ya'yansa ba sa rayuwa sai a ruwa mai zartsi. Wani masani mai suna Shao-Wen Ling ne ya gano haka a Penang ta ƙasar Maleshiya a 1961, kuma a kan wannan sani aka gina sana'ar baki ɗaya.

Ka fara da zaɓen iyaye masu ƙoshin lafiya. Namijin da ake so shi ne mai dogayen hannaye shuɗɗa, a haɗa shi da mata kamar huɗu, a riƙe ɗumin ruwa tsakanin digiri 28 da 30, injin hura iska kuma kada ya tsaya. Mace ba ta karɓar namiji sai ta yi saɓa, jikinta yana taushi, saboda haka ka zuba guntayen bututu a ƙasan tanki domin ta sami maɓoya, in ba haka ba 'yan uwanta za su cinye ta. Sa'o'i kaɗan bayan barbara takan saki ƙwai ta manna su a ƙarƙashin cikinta, tana yi musu fifita da ƙananan ƙafafunta har kusan mako uku. Haihuwar fari ba ta cika wuce ƙwai 20,000 ba, babbar uwa kuwa tana iya kaiwa 80,000 ko fiye.

Launin ƙwan shi ne agogonka. Da fari ruwan lemo ne mai haske, sannan ya dusashe ya koma ruwan ƙasa, daga bisani ya yi toka-toka, har idan ka ɗaga uwar ka duba sosai za ka ga ɗigon idanun 'ya'yan baƙi ƙirin a ciki. A lokacin ne za ka mayar da ita tankin ƙyanƙyasa mai ɗan zartsi kaɗan, da ruwa a cikin bokiti, ba tare da kamun ƙarfi ba, domin uwar da ta firgita takan zubar da ƙwanta. A ganina, gaggawar ɗauko mai ƙwai ruwan lemo ɓata abinci da wuri ne kawai.

Da dare suke ƙyanƙyashewa. Idan ta gama, ka cire uwar, ka ɗaga zartsin ruwan ya kai giram 12 na gishiri a kowace lita, wato kusan kaso ɗaya na ruwan teku da kaso biyu na ruwan daɗi. Gishirin miya ba ya wadatarwa. Wanda yake nesa da teku sai ya sayi haɗaɗɗen gishirin teku. Daga kwana na biyu ake ba su 'ya'yan Artemia, wasu ƙananan halittu na ruwan gishiri, daga baya a ƙara da turararren ƙwan kaza da aka tace. Bayan sun wuce matakai 11 na girma cikin kusan wata guda, za su daina iyo a birkice su sauka ƙasa suna rarrafe, sai ka riƙa rage zartsin sannu a hankali kafin ka kai su tafki.